Littafin Gyaran Intanet ɗin Gidanmu a Aboabo

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Intanet ɗin gidanmu ya yi nauyi har ya fara taɓa mini sana'a, shi ya sa na ɗauko littafi zan riƙa rubuta duk abin da na gwada da abin da na gani. Aikina haɗa bidiyon biki da na suna. Masu ɗauka su ɗora mini abin da suka ɗauko, wani daga nan Kumasi, wani daga Akra ko Tamale, ni kuma in sauke, in yanka, in jera, in mayar. Biki ɗaya yakan kai gigabayit 40. A yadda layin yake yanzu, sauke shi kaɗai awa goma ne, in ma wuta ba ta ɗauke a tsakiya ba ke nan. Alkawarin da na yi wa mutane ya fara saɓawa, kuma wannan ne ya fi damuna.

Layin faiba gare mu, wato intanet mai zuwa ta siririn zaren gilashi, na megabit 100 a sakan muke biya duk wata. Kamfani da megabit yake sayarwa, kwamfuta kuma da megabayit take nuna saurin saukewa, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. In an raba 100 gida takwas, 12.5 ke nan. A cire ɗan abin da ke tafiya wajen tsara saƙon, ya kamata in riƙa ganin 11 da wani abu. Abin da nake gani 1.1 ne. Kashi ɗaya cikin goma na abin da muke biya.

Gidan haya ne irin na unguwarmu, ɗakuna kewaye da tsakar gida. Uku muke riƙe da su. Akwatin kamfanin, wato na'urar da intanet ke shigowa gida ta cikinta, yana falo, ɗakin Mma na kusa da shi, ɗakin aikina kuma yana can ƙarshe wajen zaure. Daga akwatin wani dogon kebul ya fita ta taga, ya bi ƙarƙashin kwano har ɗakina, tsawonsa zai kai mita 25.

Ba zan kira kamfani yanzu ba. In na kira hannu rabbana, abin da za su ce shi ne in kashe akwatin in kunna, kuma wannan an yi shi tun tuni. Zan auna sau uku a rana, bayan Asuba, bayan Azahar da bayan Isha'i, da Speedtest da kuma fast.com, in rubuta lamba da lokaci da na'urar da na auna da ita.

Litinin, 6 ga Oktoba

Lambobin sun fara magana. A babbar kwamfutata ta ɗaki, megabit 9.4 ne da asuba, 9.4 da rana, 9.3 da dare. A wayata kuwa, ta waifai, babu tsayayyen abu: 31 a falo, 6 a tsakar gida, a ɗakina wani lokaci ma gwajin ba ya ƙarewa.

Wannan 9.4 da ba ta motsi ita ta tsaya mini a rai. Cunkoson mutane hawa yake da sauka, da asuba ya saki, da dare ya kama. Lambar da ta kafe wuri ɗaya dare da rana, wani rufi ne take bugawa, kuma rufin a gida yake.

Na ari laftof ɗin ƙanena, na zauna a ƙasa gaban akwatin, na jona shi da guntun kebul ɗin da ya zo cikin kwali, na kashe waifai ɗin laftof ɗin. Ƙarfe shida da rabi na safe, sai ga 93. Ashe kaya na isowa har falo. Daga falo zuwa ɗakina ne suke zubewa.

Na koma kwamfutata na buɗe saitin hanyar sadarwa a Windows, inda ake nuna saurin da katin kwamfuta da akwati suka daidaita a kai. Ya kamata in ga 1000. An rubuta 10. Duk lokacin da aka jona kebul, na'urorin biyu sukan gwada juna, in suka ga layin ba zai ɗauki babban sauri ba sai su sauko, daga 1000 zuwa 100, daga 100 zuwa 10, kuma ba wanda zai sanar da kai. Fitila na ci, intanet na aiki, sai dai rarrafe yake.

Laraba, 8 ga Oktoba

Jiya na hau tsani na bi kebul ɗin taku-taku. A wuri biyu ƙusa ta danne shi har ya yi faɗi. Inda ya bi kusurwar kwano, rana ta cinye fatarsa, tana farfashewa a hannu. Da na zare kan da ke shiga bayan kwamfuta na haska da tocilan waya, haƙoran nan takwas da ya kamata su yi ƙyallin ruwan zinariya, uku sun yi kore-kore, akwai kuma laima a cikin robar. Ruwan saman da ake yi kwanakin nan ta tsagar fatar yake shiga, ya gangaro ta ciki har bakin kwamfuta.

Yau da safe na shiga tortoro, motar haya, zuwa kasuwar Adum. Wani dattijo mai shagon kayan sadarwa ya karɓi guntun da na yanko, ya fere waya ɗaya, ya kankare ta da reza. Jan ya tafi, fari ya fito.

"Ka gani, ɗana? Wannan alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A kwali za a rubuta maka duk abin da kake so. Amma ba ya jure lanƙwasa, ba ya jure ruwa."

Ya ciro nasa ya kankare a gabana, ja ne har ciki. Ya fi tsada sosai, ya kuma fi nauyi a hannu. Na sayi mita 30 na kebul samfurin Cat6 irin na waje mai baƙar fata, da kawuna, da siririn bututun roba da zan zura shi ciki. Ga duk mai sayen kebul a kasuwa, wannan gwajin reza shi ne abin da zan ce ya yi kafin ya ƙirga kuɗi.

A cikin kebul wayoyi takwas ne, an murɗe su biyu-biyu. Saurin 10 da na 100 da huɗu kawai suke aiki, masu ruwan lemo da koraye. Saurin 1000 kuwa sai duka takwas sun yi lafiya. Shi ya sa waya ɗaya tak cikin shuɗaye ko masu ruwan ƙasa in ta karye, layi ya faɗo 100, in kuma tsatsa ta kama waɗancan huɗun, ya faɗo ƙasa da haka. Tsawo ba shi ne matsalata ba, irin wannan kebul yana kai mita 100.

Ƙanena ne ya riƙe tsani. Jera wayoyin cikin kai yana son haƙuri: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, kuma duka bakin biyu iri ɗaya. Kada a warware murɗin fiye da ɗan abin da zai shiga kan, domin murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniyar wutar lantarki. Mun gama dab da Magariba. Windows ta nuna 1000. Gwaji ya ba da 92. Fayil ɗin da na sa ya fara sauka a megabayit 11.3. Alhamdu lillahi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ɗakina ya warke, sauran gida bai warke ba. Mma ce ta tuna mini.

"Kai naka ya yi. Ni fa? Jiya yayanka ya kira daga Jamus, fuskar jikana ban gani ba, sai murabba'i-murabba'i."

"Yi haƙuri, Mma, yau naki zan duba."

Masu haɗa layin a ƙasa suka ajiye akwatin, bayan kabad ɗin talabijin, gefen firiji. A wurinsu nan ne zaren ya fi sauƙin kaiwa. Amma waifai ba ya son ƙarfe, ba ya son bangon bulo mai rodi a ciki, ba ya son a kulle shi a lungu. Na kafa ɗan katako a bango sama da tsayin kaina, kusa da ƙofar da ke kallon tsakar gida, na mayar da shi can. Zaren faiba na da ɗan rara, na bi shi a hankali don gilashi ne a ciki. Wannan kaɗai ya ɗaga ɗakin Mma daga 5 zuwa 14.

Sai na sa wata manhaja a waya mai nuna duk waifai ɗin da ke kewaye. A tsaye a tsakar gidanmu na ga sunaye fiye da ashirin: na maƙwabta, na shagon aski, na ƙananan na'urorin da ake sa wa sim, har da wayoyin da aka kunna wa rabon data. Kusan duka a zangon 2.4 gigahaz suke. Wannan zangon yana ratsa bango, yana kai nisa, amma ƙunci gare shi. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Namu yana kan 6, inda aka fi cika, kuma an buɗe faɗinsa zuwa megahaz 40, wanda a unguwa mai cunkoso irin tamu ƙarin karo kawai yake jawowa. Na shiga shafin saitin akwatin da adireshin da ke rubuce a ƙarƙashinsa, na mayar da shi tasha ta 11, faɗi 20.

Akwatin yana da zangon 5 gigahaz ma, amma suna ɗaya aka ba su, waya ce ke zaɓa da kanta, kuma sau da yawa sai ta manne wa 2.4. Na raba su, kowanne da sunansa. A zangon 5 wayata ta ba da 88 a falo, 60 a tsakar gida. Bayan bango biyu kuwa ya mutu, haka halinsa yake. Wayar Mma tsohuwa ce, 2.4 kaɗai take gani, amma yanzu tana samun 22 a kan gadonta, kuma kiran bidiyo bai buƙatar ko kwatan haka.

Abin da ya fi nauyi yau ba na'ura ba ne. A shafin saitin akwai jerin duk abin da ke jone. Mu a ɗakunanmu uku na'urori tara gare mu in an haɗa da talabijin. Jerin ya nuna 23.

Ban yi mamaki ba, kuma ban yi fushi ba. Wayoyin yanzu suna iya nuna kalmar sirri a matsayin ɗan hoton da wani zai ɗauka da kyamara ya shiga. Ka ba mutum ɗaya, ka ba layin unguwa guda. Kuma na san su waye: yaran da aka haifa a gabana, wata tana karatun jinya, biyu suna shirin jarrabawar gama sakandare, kuɗin data kuwa ba kowane gida ke iya ɗauka ba. A Zango an saba, wanda ya samu shi ke riƙe wanda bai samu ba. In na canza kalmar sirri cikin dare ban ce wa kowa komai ba, gobe za a gaisa da ni, amma gaisuwar za ta sauya. A gefe guda kuma, da wannan layin nake ciyar da gida.

Bayan La'asar na sami Alhaji, babban gidan, a kan bencinsa na zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da lambobin.

"To me kake so a yi, ɗana?"

"Baba, so nake masu karatu su ci gaba da samu, amma a san su waye, kuma a yi masa iyaka."

Ya ce zai tara iyayen yaran gobe bayan Isha'i, magana ta fito daga bakinsa. Haka ya fi.

Talata, 14 ga Oktoba

An yi zaman ranar Lahadi, an rabu lafiya. Na canza kalmar sirri, na kashe maɓallin WPS, wanda ke bari a jona ba tare da kalmar sirri ba. Yara biyar masu karatu za su samu nasu sunan waifai daban da zarar na sami na'urar da za ta iya yi musu ma'auni, kafin nan na sa musu da hannuna. Iyaye biyu sun ce za su riƙa kawo wani abu duk wata, ban nema ba.

Yau ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, mutane uku sun kawo mini laftof a ɗora musu 11. Fayil ɗin ya haura gigabayit 5. Ya sauka kafin in gama shan koko.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Wata matsala ta fito da a da kebul ya rufe ta. Jiya da hantsi, lokacin da layi ya saba zama sakayau, saukewa ta faɗo daga 11 zuwa 3, shafuka suna jinkirin buɗewa, kiran WhatsApp na yankewa. Bayan kamar minti arba'in komai ya dawo da kansa. Yau ma haka.

Da abin ya sake faruwa na duba lambar da ban cika kulawa da ita ba a gwajin, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Zuwa Akra yakan zama milisakan 8 ko 9. Na ga 600 da wani abu. Sai na duba jerin na'urori, na tarar wayar ƙanwata ce ke ta turawa sama. Ta je biki a Asawase ranar Lahadi, ta cika waya da bidiyo, Google Photos kuma yana kwashe su duk lokacin da ta shigo gida ta hau waifai.

Mutum zai ce ina ruwan mai ɗorawa da mai saukewa, ai hanya biyu ce. Ba haka abin yake ba. Duk ɗan ƙunshin da kwamfuta ta karɓa, sai ta aika gajeriyar amsa cewa ya iso, sannan mai aikowa ya ci gaba. Waɗannan amsoshin ta hanyar sama suke bi. In bidiyon biki ya cika hanyar, akwatin sai ya jera komai a dogon layi, amsoshin su tsaya a baya suna jira, mai aikowa ya ɗauka hanya ta toshe ya rage gudu. Na gwada da kaina: na fara ɗora aikin da na gama, nan take saukewa ta faɗi. Ashe ni ma ina yi wa gidan haka duk ranar da nake mayar da aiki, kuma Windows ma tana da wani saiti da ke tura sabuntawa ga wasu kwamfutoci ta intanet. Na kashe shi.

Akwatin kamfanin ba shi da wurin daidaita wannan. Bayan Masallaci na koma Adum na sayi rauta, na'urar raba intanet a gida, ta hannu mai iya rabon sauri. Na jona ta da akwatin, na kashe waifai ɗin akwatin don kada su riƙa karo. Dabarar ita ce a sa wa rautar iyaka ƙasa kaɗan da abin da layin ke iya ɗauka, sama da ƙasa, domin layin jiran ya taru a wurinta inda take iya tsara shi, ƙananan saƙonni su wuce gaba. Na sa 90 a saukewa, na rage ɗorawa da kamar kashi goma cikin ɗari. An yi asarar ɗan sauri a takarda, amma yanzu ina ɗora fayil lokacin amsa bai wuce 25 ba. Sunan yara masu karatu ma ya tashi, na ba shi megabit 15.

"Yaya, to in daina ajiye hotunan ne?" in ji ƙanwata.

"A'a, bar shi ya yi aikinsa. Yanzu ba zai dami kowa ba."

Talata, 21 ga Oktoba

Duk abin da ke cikin gida na gama da shi, saura wanda ba a hannuna yake ba. Tun ranar da na gyara kebul nake ganinsa a littafi, na bari sai na kawar da sauran don kada a ce daga wurina ne.

Da asuba 90 zuwa 93. Da rana 80 da wani abu. Daga ƙarfe bakwai da rabi na dare sai ya fara zamewa, zuwa tara ya kai 15 ko 18, ba ya farfaɗowa sai wajen sha ɗaya da rabi. Daren Asabar da ake ƙwallon Turai na ga 9. Kuma duk wannan da laftof a jone kai tsaye da akwatin kamfani, an cire rauta, ba kowa a kai sai ni.

Maƙwabcina mai shagon aski ya ce wayar teku ce ta sake yankewa. Ban ga laifinsa ba, kowa na tune da 14 ga Maris, 2024, a farkon azumi, da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala rana ɗaya. Ghana da maƙwabtanta suka shiga duhu, hukumar sadarwa ta NCA ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. Tun daga lokacin, duk abin da ya sami intanet sai a ce teku.

Amma ana iya rarrabewa. Speedtest na bari mutum ya zaɓi inda zai auna da shi. Da ƙarfe tara na auna da saba, wato kwamfutar gwajin, ta Akra, 17. Na auna da ta Landan, 16. Da asuba kuwa Akra 92, Landan 85. Da a teku matsalar take, ta Akra za ta tsaya da ƙarfinta, ta Landan kaɗai ta faɗi, domin kebul ɗin teku a Akra suke sauka, kuma abin da ke tsakanin Kumasi da Akra, tafiyar kilomita kamar 250, ta ƙasa yake bi. Tunda duka biyun tare suke faɗuwa, kuma da agogo, maƙurar tana tsakanin bangon gidanmu da Akra.

Irin wannan faiba ta gidaje, da ake kira GPON, ba kowane gida ke da nasa zaren har ofishin kamfani ba. Zare ɗaya ke fitowa, a raba haskensa a kan sanda zuwa gidaje 32 ko 64, kuma duka abin da yake ɗauka zuwa ƙasa kusan megabit 2,500 ne. Kamar famfon tsakar gida ne: da tsakar dare ruwa na bugawa da ƙarfi, da safe da kowa ya kawo bokiti sai ya koma zirara. Rabon kansa ba laifi ba ne, da shi ne farashi ya sauko har irinmu muka iya ja. Laifin shi ne a ci gaba da ƙara gidaje ba a faɗaɗa hanya ba, a kuma fake da cewa an rubuta "har zuwa 100". Saukowa 70 da dare zan fahimta. Saukowa 15 kullum, a daidai lokacin da mutane suka dawo gida suke buƙatarsa, wannan ba abin da aka sayar mini ba ne.

Yau na kira su. Budurwar da ta ɗauka ta fara da a kashe a kunna. Na ce mata ta yi haƙuri ta saurari lambobi, na karanto mata na kwana bakwai, da lokaci, da yadda aka jona. Ta yi shiru, ta ce za ta tura wa injiniyoyi. Na nemi lambar ƙorafi, na rubuta ta a bangon littafin nan.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ma'aikacinsu ya zo da hantsi a kan babur, saurayi mai natsuwa. Ya zare zaren daga akwati ya sa a na'urar auna haske, ta nuna -26.8. Ya girgiza kai. Irin wannan akwatin daga wajen -27 yake fara kasa gani, mu ke nan muna bakin rami. Ya bi zaren waje, ya tarar inda ya shigo ta taga an lanƙwasa shi sosai, firam ɗin taga kuma na danne shi duk lokacin da aka rufe. Ya yanke wurin, ya fere sabon baki, ya goge da auduga da sinadari, ya sa sabon kai, ya zagaya da shi ta wani rami a sama. Haske ya dawo -21.

Na ji daɗin wannan, domin ya bayyana mini jar fitilar da takan kama jefi-jefi in an yi iska. Amma na gaya masa gaskiya, raunin haske ba ya duba agogo, ba zai jira ƙarfe bakwai da rabi ba. Na buɗe masa littafin. Ya daɗe yana dubawa, ya ɗauki hoton shafi biyu.

"Maigida, wannan ba aikin tsani ba ne. Daga sama ne. Zan rubuta a rahotona, amma kada ka bari su rufe ƙorafin."

Mma ta sa aka kawo masa ruwa da lemo. Da dare na auna, 19.

Talata, 28 ga Oktoba

Saƙo ya shigo wayata cewa an warware matsalata. Na kira na ce a sake buɗewa, an gyara zare, ba a gyara dare ba. An ba ni sabuwar lamba.

Na zaga gidaje huɗu a layinmu da ke kan kamfani ɗaya, na nuna wa matasan gidajen yadda za su auna da kebul da ƙarfe shida na safe da tara na dare. Mutum ɗaya in ya yi ƙorafi, a ce akwatinsa ne. Gida biyar da lambobi iri ɗaya, ba mai cewa haka.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Lambobin maƙwabta sun iso, uku daga cikin huɗu da kebul suka auna. Da safe duka sama da 80, da dare tsakanin 12 da 21. Gida na huɗun a kan waya suka auna daga bayan bango, na ajiye nasu gefe don kada ya raunana sauran.

Na haɗa komai a takarda ɗaya: ranaku, lokuta, lambobin ƙorafi biyu, da ƙarfin haske kafin gyara da bayansa. Gobe zan kai ofishinsu da kaina, in karɓi shaidar sun karɓa. Ƙa'idar NCA ita ce mutum ya fara kai kuka wurin kamfaninsa, in ba a share masa hawaye ba sannan ya kawo gabanta. Mun cika wannan sharaɗin. Na ba su zuwa tsakiyar wata, in dare bai canza ba takardar nan za ta wuce hukuma da sa hannun gida huɗu.

Kafin nan na juya aikina. Manyan fayiloli ina jera su a manhajar saukewa, ta fara da kanta ƙarfe sha biyun dare, kuma tana iya ci gaba daga inda ta tsaya in an ɗauke wuta. Akwati da rauta duka volt 12 suke ci, na yi odar ƙaramin batirin da zai riƙe su awa uku ko huɗu, zai iso ranar Alhamis. Bikin da aka ɗora mini jiya daga Tamale, gigabayit 38, ya sauka cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Kiran Mma da Jamus mun mayar da shi bayan La'asar, lokacin layi na da sarari, yayana ma ya tashi daga aiki. Yara masu karatu su ne har yanzu abin ke ci, domin da dare suke zama, kuma a 15 ɗin da ake samu rautar ba ta da abin rabawa sosai. Na ce musu duk mai bidiyon darasi ya turo mini adireshin, in sa a layin tsakar dare, da safe ya zo da filashi ya kwasa.

Awon ƙarfe tara na daren yau: Akra 18, Landan 17, lokacin amsa 41.